Hanyoyin Gano Matsala a Akwatin Sarrafa Injinan Masana'antu

1.0 Gabatarwa

Kusan kowane babban inji da ke aiki da wutar lantarki, ko na casar shinkafa ne, ko na matsar man gyaɗa, ko famfon da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, yana da wani akwatin ƙarfe a gefensa ko a jikin bango. A cikin wannan akwati ake tara ƙananan na'urorin da ke ba inji umarnin tashi da tsayawa, su kuma kare shi idan wani abu ya ɓaci. Ranar da inji ya ƙi tashi, akwatin nan ake fara buɗewa, kuma abin da mai gyara ya yi a sa'ar farko shi ke nuna ko aiki zai ci gaba a ranar, ko kuwa ma'aikata za su zauna makonni suna jiran kayan gyara daga Kano ko Kwatano ko ma Turai.

Abin da aka fi gani shi ne canza kaya bisa zato. A cire wannan a sa sabo, in bai yi ba a cire wancan, har a kai ga na'urar da ta fi kowace tsada. Sau da yawa sabuwar ma takan ƙone, domin abin da ya ƙone tsohuwar yana nan ba a taɓa shi ba. Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da ƙwararru ke bi: a fara da auna wutar da ke shiga akwati, a bi ta mataki-mataki har inda ta lalace, sannan a yanke hukunci a kan na'ura.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Abubuwa uku ake aunawa a wutar lantarki. Na farko shi ne turin wuta, wato ƙarfin da ke ingiza ta cikin waya, ana auna shi da bolt. Na biyu shi ne kwararar wuta, wato yawan wutar da ke wucewa, ana auna ta da amfiya. Na uku shi ne turjiya, wato tsaurin da waya ko na'ura ke yi wa wutar da ke ratsa ta, ana auna ta da om. Masanin nan na Jamus, Georg Simon Ohm, shi ya bayyana dangantakarsu a shekarar 1827: turin wuta daidai yake da kwarara sau turjiya. Ke nan idan amfiya 2 suka ratsa turjiyar om 3, za a sami bolt 6 tsakanin bakinta biyu.

Wuta iri biyu ce. Akwai wutar kai-komo, irin wadda kamfanin lantarki da janareta ke bayarwa, wadda a Nijar da Najeriya da Gana da Kamaru take kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60. Akwai kuma miƙaƙƙiyar wuta, irin ta batir, wadda ke bin hanya ɗaya. Manyan motoci na inji da wutar kai-komo mai layi uku suke aiki, wadda masu gyara a Najeriya ke kira tiri-fes, na Nijar kuma tirifaze. Irin wannan bambancin suna ya game kusan duk kayan aikin, saboda wasu daga Ingilishi suka ara, wasu daga Faransanci. Abin da wani ke kira koyil, wani bobin yake ce masa, wato naɗin waya ke nan. Janareta a Maraɗi da Damagaram gurup ne.

3.0 Yadda Akwatin Sarrafawa Yake

Akwatin ya kasu gida biyu. Gida na farko shi ne hanyar babbar wuta. Layuka uku kan shigo, su bi ta makatsa ko fis, su bi ta kontakta, su bi ta na'urar kare mota daga nauyin da ya wuce kima, sannan su isa motar. Kontakta makunni ne da maganaɗisu ke rufewa: idan wuta ta shiga naɗinsa, sai ya jawo ƙarfe, bakunansa su haɗu, babbar wuta ta wuce.

Gida na biyu shi ne hanyar ƙaramar wuta, wadda ke ɗauke da umarni. A nan ne ake samun maɓallan kunnawa da kashewa, da maɓallin tsayar da gaggawa, da ƙananan rile, da na'urorin ji masu lura da zafi ko tsayin ruwa ko rufuwar ƙofa. A tsofaffin injuna, tarin rile ne ke yin duk lissafin. A shekarar 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a ƙera masa na'urar da za ta maye gurbin waɗannan rile, daga nan Richard Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084. Wannan ita ce kakar ƙananan kwamfutocin inji da ake kira PLC, waɗanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci aka sani da otomat. Yawancinsu da miƙaƙƙiyar wuta ta bolt 24 suke aiki, kuma wani ɗan akwati ne, mai juya wuta, ke karɓar bolt 230 na kai-komo ya mayar da su bolt 24.

Abin lura a nan shi ne, kowace na'ura a gida na biyu ta dogara da wutar da ta zo mata daga baya. PLC lafiyayya da ba ta sami isasshen bolt ba takan yi duk abin da marar lafiya ke yi.

4.0 Kariyar Rai

Kafin a taɓa komai, akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Kwararar da ta wuce miliyamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji ta ɗan jima. A hanyar mota kuwa amfiya gomomi ne ke wucewa. Saboda haka, idan za a sa hannu a waya, sai a kashe babbar makatsa, a ɗaura mata kwaɗo, makullin ya kasance a aljihun mai gyara, don kada wani ya zo ya kunna bisa rashin sani. Sai a gwada mita a wurin da aka tabbata akwai wuta, a auna wurin da za a yi aiki, a sake gwada mitar a wurin farko. Mitar da ta mutu ita ma sifiri take nunawa.

Haka kuma kashe makatsa ba ya kwashe wutar da kafasita ta adana. A cikin mai juya wuta akwai babbar kafasita da ke riƙe kimanin bolt 325. A na'urar sauya gudun mota, wadda ake kira inbata ko bariyater, abin da ke adane yakan kai kimanin bolt 560. Kamfanoni kan rubuta a jikin na'urar mintocin da za a jira bayan kashewa. A jira su cika, sannan a auna a tabbatar.

5.0 Mataki na Farko: Tambaya da Dubawa

Mai gyara nagari yakan fara da tambayar wanda ke kan inji. Yaushe ya tsaya? Me ake yi lokacin? Da wutar kamfani ake aiki ko da janareta? An ji ƙara ko wari? An yi tsawa daren jiya? Wani ya taɓa akwatin kwanan nan? Injin da ke tsayawa da rana tsaka kawai yana nuna zafi. Wanda ke tsayawa duk lokacin da aka tayar da wani inji yana nuna faɗuwar wuta. Wanda ya mutu bayan hadari yana nuna wuta ce ta yi tsalle.

Bayan haka sai ido da hanci su yi nasu aikin. A nemi waya da ta canza launi kusa da kusa, da roba da ta narke, da kafasitar da kanta ya kumbura, da ƙurar hunturu da ta toshe fanka da tagogin iska. A ƙasashen Sahel ba abin mamaki ba ne a tarar da tsaka ko ƙadangare a ƙone tsakanin layi biyu, ko ɓera ya ci waya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ramukan da aka huda don wucewar waya aka bar su a buɗe su ne tsagar.

6.0 Auna Wutar da ke Shigowa

A Nijar an saba cewa bolt 220 tsakanin layi da wayar komawa, da 380 tsakanin layi da layi. A Najeriya a da 240 da 415 ake faɗa. Ƙa'idar duniya ta IEC 60038 ta tsayar da 230 da 400, kuma abin da aka yarda da shi shi ne kada wuta ta wuce haka ko ta gaza da fiye da kashi 10 cikin 100, wato daga 207 zuwa 253, ko daga 360 zuwa 440.

Awo shida ake yi: uku tsakanin layi da layi, uku tsakanin kowane layi da wayar komawa. Kuma a yi su sau biyu, inji na tsaye da kuma inji na aiki, domin layi mai rauni yakan nuna cikakken bolt idan babu kaya a kansa. Abubuwa huɗu ake nema.

Na farko, ƙarancin wuta. Ƙarfin murɗawar mota yana bin turin wuta ne sau kansa. Idan wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin yakan ragu da kimanin kashi 19. Motar da ke ɗauke da cikakken kaya sai ta ja ƙarin amfiya, ta yi zafi.

Na biyu, rashin daidaito tsakanin layuka. A ce an sami 400 da 400 da 376. Matsakaicinsu 392 ne, wanda ya fi nisa da shi kuwa ya kauce da bolt 16, wato kimanin kashi 4 cikin 100. A ido wannan kaɗan ne, amma lissafin da masu aikin mota ke bi shi ne a ninka adadin da kansa, a ninka biyu: 4 sau 4 sau 2, ƙarin zafin naɗin mota ya kai kimanin kashi 32 cikin 100. Ƙa'idar NEMA ta Amurka ta ce a rage wa mota kaya da zarar rashin daidaito ya wuce kashi 1, kuma kada a yi aiki da ita idan ya wuce kashi 5. Mafi munin wannan shi ne layi ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Motar da ke tsaye za ta yi gurnani ta ƙi tashi, wadda ke gudu kuwa za ta ci gaba a kan layi biyu har ta ƙone idan ba a katse ta ba.

Na uku, tsinkewar wayar komawa. A nan awon layi da layi zai fito daidai, amma awon layi da wayar komawa zai watse, wani ya faɗi ƙasa sosai, wani ya hau har kusan 400. Motoci masu layi uku ba za su ji komai ba, sai dai duk ƙananan na'urorin bolt 230 da ke kan layin da ya hau za su ƙone. Idan aka ga mai juya wuta da fitilu da naɗin kontakta sun mutu lokaci ɗaya, nan ake fara dubawa.

Na huɗu, gudun janareta. Shekaru da yawa babban kaso na wutar Yamai daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi mai bolt 132,000, kuma lokacin da aka katse shi daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, masu sana'a da yawa janareta suka dogara da shi. Janaretan masana'anta yawanci sai ya juya sau 1,500 a minti kafin ya ba da kai-komo 50. Idan kaya suka yi masa yawa ko matatar mai ta toshe, gudunsa ya ragu, kai-komo yakan ragu, taransifoma da naɗin kontakta su yi ta zafi. Don haka a kan janareta, awon bolt kaɗai bai isa ba.

7.0 Auna Ƙaramar Wuta

Idan wutar shiga ta yi daidai, sai a koma ga bolt 24. Ƙa'idar IEC 61131-2 ta ce PLC ta yi aiki daga bolt 20.4 zuwa 28.8. A auna a bakin mai juya wuta, a sake aunawa a bakin PLC ɗin kanta, domin ba lalle su zo ɗaya ba. A ce kusa ɗaya ta yi sako-sako, ta yi tsatsa, turjiyarta ta kai om 2. Idan amfiya 2 na wucewa, bolt 4 sun salwanta a wannan wuri, PLC ta sami 20 kacal. Hanyar kama irin wannan ita ce a ɗora bakin mita biyu a gefe da gefen kusar, inji na aiki. Haɗi mai kyau kusan sifiri yake nunawa.

Idan a bakin mai juya wuta ne bolt ya yi ƙasa, ko fitilarsa na kunnawa tana mutuwa, bai kamata a yi saurin yanke masa hukunci ba, domin haka yake kare kansa idan wata waya a gaba ta haɗu da ƴar'uwarta. A cire duk wayoyin da ke fita daga gare shi. In ya dawo 24, lafiyarsa lau, sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har a ga wadda ke kayar da shi. In bai dawo ba, ciwon a cikinsa yake.

Abin da ya fi saurin tsufa a cikinsa shi ne kafasita mai ruwa, kuma zafi ne ke busar da ita. Ƙiyasin da masu ƙera ta ke bayarwa shi ne, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Wadda aka rubuta wa sa'a 2,000 a digiri 105 za ta kai kimanin sa'a 64,000 a digiri 55, wato fiye da shekara bakwai ba hutawa. A digiri 75 kuwa sa'a 16,000 ce, ba ta kai shekara biyu ba. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano, fankarsa ta mutu, yana cinye kafasita kafin lokacinta. Alamar bushewarta ita ce ragowar kai-komo a cikin miƙaƙƙiyar wuta. Idan aka juya mita zuwa awon kai-komo aka ɗora a bakin bolt 24, lafiyayyen mai juya wuta ɗan abin da bai kai rubu'in bolt ba yake nunawa.

8.0 Na'urorin Sarrafawa

Kontakta. Ƙa'idar IEC 60947-4-1 ta ce ya rufe sosai idan naɗinsa ya sami daga kashi 85 zuwa 110 cikin 100 na bolt ɗin da aka rubuta masa. Ga naɗin 230, daga kimanin 196 zuwa 253 ke nan. Mutane kan ɗauka yawan wuta ne kaɗai ke ƙone naɗi, alhali ƙarancinta ma na yi. Dalili kuwa shi ne naɗin kai-komo yakan ja amfiya mai yawa a lokacin jawo ƙarfe, ya rage ja idan ƙarfen ya manne. Idan wuta ta yi rauni, ko ƙura ta shiga tsakanin fuskokin maganaɗisu, ƙarfen ba zai manne ba, sai ya yi ta karkarwa, naɗin ya ci gaba da jan amfiya har ya ƙone.

Jerin maɓallan tsaro. Maɓallin gaggawa da makunnan ƙofofi da bakin na'urar kare mota a jere suke, ɗaya ya buɗe, duka sun katse. Idan guda takwas ne, a auna a tsakiya. In akwai wuta, matsalar na gaba, in babu, tana baya. A sake raba wancan rabin biyu. Da awo uku an gano wanda ya buɗe.

Na'urorin ji. Da yawansu da kwarara suke aika saƙo, daga miliyamfiya 4 zuwa 20. A tankin ruwa mai tsayin mita 5, miliyamfiya 4 na nufin babu ruwa, 12 na nufin rabi, 20 na nufin ya cika. An fara daga 4 ne da gangan, don idan aka ga sifiri a san waya ce ta tsinke ko na'urar ta mutu.

Fitilun PLC. Kowace ƙofar shiga da ta fita tana da ƴar fitila. Idan an danna maɓalli fitilar shiga ba ta kama ba, a duba waje. Idan fitilar fita ta kama, kontakta bai motsa ba, a auna tsakaninsu. Sai wuta ta cika, saƙonnin shiga sun iso, amma babu fita, sannan ake zargin PLC.

Ita ma mita takan yaudari mai ita. Mitar zamani turjiyarta ta ciki takan kai om miliyan 10, saboda haka wayar da ba ta haɗe da komai, in tana kwance kusa da mai wuta, tana iya nuna bolt gomomi. Idan aka ɗora mata ɗan kaya, kamar ƙaramin ƙwan fitila, wannan wutar ƙarya takan ɓace nan take.

9.0 Misali

A ɗauka akwai injin casar shinkafa da ke kan janareta. Duk lokacin da aka tayar da babbar motar gogewa, sai komai ya tsaya, PLC ta mutu ta sake tashi. An auna wutar shiga an sami 398, an auna ƙaramar wuta an sami 24.1. Mai gaggawa zai ce PLC ce.

Mai bin tsari zai tuna cewa motar da aka tayar kai tsaye takan ja amfiyarta ninki biyar zuwa takwas na ɗan lokaci, kuma janareta yakan durƙusa a wannan lokaci. Fuskar mita sau biyu zuwa huɗu take canzawa a daƙiƙa, faɗuwar kuwa takan fi haka sauri. Sai ya danna maɓallin da ke riƙe mafi ƙanƙantar awo, ya sa a tayar da motar. Idan ya ga bolt 24 sun faɗi zuwa 17, ya san PLC yunwar wuta ce ta kashe ta. Sauran tambaya biyu: ko wutar shiga ce ta faɗi fiye da abin da mai juya wuta zai iya ɗauka, ko kuwa kafasitarsa ce ta bushe har ba ta iya riƙe ƴar faɗuwa. Awon mafi ƙanƙanta a wutar shiga zai amsa ta farko, awon ragowar kai-komo zai amsa ta biyu. Maganin ta farko shi ne a tayar da babbar mota kafin sauran, ko a sa mata na'urar tayarwa a hankali. Maganin ta biyu kuwa sabuwar kafasita ko sabon mai juya wuta, tare da gyara fankar akwati.

10.0 Kammalawa

An ga cewa bincike yana tafiya ne daga waje zuwa ciki: tambaya, dubawa, wutar shiga, ƙaramar wuta, na'urori, sannan PLC a ƙarshe. Saura gargaɗi a kan gyaran wucin gadi da ya zama ruwan dare. Fis da ya ƙone da na'urar kare mota da ta katse aikinsu suka yi, wato sun ba da labarin akwai matsala a wani wuri. Wanda ya ɗaura wayar tagulla a gurbin fis, ko ya cusa tsinke ya danne na'urar kariya, ko ya tsallake maɓallin gaggawa don aiki ya tafi, ya mayar da ƙaramar hasara babba, kuma ya sa ran wanda ke kan inji cikin haɗari. Abin da ya fi amfani shi ne a ajiye ɗan littafi a cikin akwati, a rubuta duk awon da aka yi ranar da inji ke lafiya, da kwanan wata. Wanda zai zo gyara daga baya zai sami abin da zai gwada nasa awon da shi.